Yashin Awon Ƙafa

Shekaranjiya wani saurayi ya tsai da moto, wato babur, a bakin rumfata, ko kashe inji bai yi ba, ya miƙo mini waya da hoton takalmi a ciki. Wai in yi masa irinsa, nimero kaza, lambar ƙafarsa ke nan, zai biyo ya karɓa ranar kasuwa. Na ce ya sauko ya taka yashi tukuna. Ya dube ni, ya dubi farantin katakon da ke gefen ƙafata, sai ya tuntsire da dariya.

"Baba Isuhu, bugun ƙasa ka koma yi?"

Ku da ke zaune a bencina kuna jiran shayi ya nuna kuka taya shi, har wani a cikinku yana cewa aikin takalmi ai yanka ne da shafa kol a manna, yaro ma in an ba shi wuƙa zai yi. Ban tanka ba, don akwai zare a bakina. Amma maganar ta kwana mini a rai, kuma tun da ba ku da niyyar daina cinye mini inuwa, gara ku san abin da kuke yi wa dariya.

A hannun Kalla na koyi sana'a. Baduku ne na gado, gajere, mai faɗa, yana da rumfa a bakin kasuwar Madarunfa tun kafin a haife ni. Mahaifina ya kai ni wurinsa ina ɗan saurayi, na zo da ɗokin riƙe wuƙa. Kalla ya miƙo mini buhu ya ce in je bakin gulbi in ɗebo yashi. Na ɗebo, ya ce in tankaɗe. Na tankaɗe, ya ce in yayyafa ruwa. Na yayyafa, ya damƙa a hannu ya ce na mai da shi laka, in zubar in sake. Damina ta wuce, kaka ta wuce, ni dai ina fama da yashi da wasa wuƙa a dutse da shafa wa fata man gyaɗa. Kayan aikinsa ba su da yawa: wuƙar fata, wuƙar taya, guduma, guntun turmin da yake bugu a kai, da basilla mai ƙotar icce wadda gumin hannu ya mayar baƙa ƙirin. Ba ya barin kowa ya taɓa basillar. Amma abin da ya fi ji da shi shi ne farantin awo, katakon ƙirya marar zurfi, wanda ƙafa biyu za su tsaya a ciki a sake.

Mutanenmu na ƙauye har gobe da kara suke aiko awo. Mutum zai taka karan gero, a karya daidai tsawon ƙafarsa, a ba mai zuwa kasuwa. Sai ka ga ɗan aike ya zazzage karare daga aljihu, wannan na baba, wannan na inna, wannan kuma ya manta na wane ne. Kalla yana karɓa in takalmin taya ne na shiga gona, don ba yadda zai yi, amma yana yi yana mita. Yakan ɗaga karan ya sa mini a ido.

"Dubi nan. Karan ga ya gaya maka tsawo. Ya gaya maka hwaɗi? Ya gaya maka tudun ƙahwa? Ya gaya maka mutumen bisa gehe guda yake takawa?"

In kuwa takalmin fata ne, na ango ko na Salla ko na tsoho mai ciwo, to dole mai ƙafa ya zo da ƙafarsa. Kuma ba kowane lokaci ba. Kalla ba ya awo da safe. Ƙafa da safe ta kwana ta huta, sai ta sha tafiya da rana take buɗewa ta ɗan kumbura. Wanda aka auna da hantsi, takalminsa zai cije shi da yamma. Saboda haka sai bayan la'asar, a tsaye, nauyin mutum duka a kan ƙafafunsa, kuma duka biyun za a auna, don ban taɓa ganin mutumin da ƙafafunsa suka zo daidai da juna ba. Mutum ya taka, ya ɗaga a hankali, mu kuma mu durƙusa mu duba. Inda yashi ya lotsa da zurfi, nan nauyi yake sauka, nan za a ƙara taushi. Inda yashi bai taɓu ba, nan ne kwarin tafin ƙafa, sai a cike shi. Yatsun da suka baje a ba su fili. Daga nan a zagaya tudun ƙafar da zaren kaba a ƙulla, a fitar da siffar sawun a kan kwali. Nimeron nan da kuke taƙama da shi tsawo kawai ya sani. Shi ma kara ne, an dai rubuta shi da boko.

Akwai doka ta ƙarshe wadda ta fi sauran nauyi. In an gama awo, mai ƙafa ne zai share sawunsa da ƙafarsa kafin ya bar rumfa. Baduku ba ya sharewa, yaronsa ma ba ya sharewa. Kuna iya cewa camfi ne, amma ba wanda bai san maganar ɗiban sawu ba a cikinku. Tun muna yara ake cewa in maƙiyi ya ɗebi ƙasar da ka taka ya kai wa boka, zai iya ɗaure maka ƙafa, ko ya sa ka shiga duniya ba waiwaye. A ƙauyukan bayan Gabi da Safo, inda har yanzu akwai gidajen da ke kan al'adar kakanni suna yanka wa iskokin gidansu, wannan magana ba ta wasa ba ce. Mu Musulmin ma, da yawa in ka tona za ka tarar da ita kwance a ƙasan zuciya. Ni ban taɓa ganin yashi ya yi wa kowa komai ba, Kalla ma bai yarda da shi ba. Amma yakan ce wanda ya taka maka yashi amana ya ba ka, sai ka mayar masa da abinsa kafin ya tashi.

Shekarar da Kalla ya rasu ya bar mini rumfa da basilla da faranti, a cikinta Nomau ya zo. Manomi ne daga wani ƙauye bayan Gabi, cikin masu al'adar kakanni, dogo, ƙaƙƙarfa, ya girme ni nesa ba kusa ba, ƙafarsa faffaɗa kamar faifai. Takalmin fata yake so na zuwa bikin ƙanensa. Ya taka yashi, ina cikin ƙulla kaba, sai kamyon, babbar motar da za ta mai da su gida, ya fara gangarawa, yaran mota suna ihu. Nomau ya fizge ƙafa ya ruga da tsohon takalminsa a hannu. Na bi shi da kira, ina, ya riga ya ɗare bayan mota. Ga sawu biyu raɗau a faranti, ga dokar Kalla cewa ba ni zan share ba. Sai na yi abin da na ga ya fi kusa da riƙon amana. Na rufe farantin da tabarma na shigar da shi ɗaki, don kada kowa ya taɓa kafin mai shi ya dawo kasuwa ta gaba.

Bai dawo ba. Kurkunu ya fito masa a ƙafar dama, ya kwantar da shi daidai lokacin shuka. A zamanin kurkunu ya yi yawa a ƙauyuka, kuma ba mu san daga ina yake ba. Ƙanensa ne ya zo karɓar takalmin, ya tambaye ni ko yayansa ya share sawu. Ni da zuciya ɗaya na shiga da shi ɗaki, na ɗaga tabarma na nuna masa. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya fita ya bar takalmin. Da kasuwa ta zagayo suka zo su da yawa da sanduna. Ba su doke ni ba, don dattawan kasuwa sun shiga tsakani, amma suka ɗauke farantin Kalla da yashinsa suka tafi da shi.

Wannan ce muguwar shekarata. Na ga shekarar fari, na ga lokacin da aka rufe iyaka fata da zare suka yi wuya, amma a waɗannan kowa na cikin wahala tare da kai, kuna yi wa juna jaje. A wannan ni kaɗai ne. Magana ta bi ƙauyuka cewa yaron Kalla yana tara sawun mutane a ɗaki. Mata in za su wuce rumfata sai su zagaya ta kan tsandauri inda sawu ba ya fita. Na ga dattijo da gemunsa yana wucewa yana jan ƙafa yana share bayansa. Ko kara aka daina aiko mini. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don amanar da na tsare ita ce ta zame mini laifi. Na kulle rumfa na koma garin Ɗan Issa bakin tasha, ina ɗinke wa direbobi da 'yan canji hancin silifa da ya tsinke, irin aikin da Kalla ba ya ko ɗaga kai ya duba. Sai da ma'aikatan lafiya suka fara bin ƙauyuka suna raba ƙyallen tace ruwa, suna bayanin cewa a ruwan tafki ake shan kurkunu, sannan maganar ta fara sanyi. Na dawo gida na sa kafinta ya yi mini wani farantin, mutane suka riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Nomau da danginsa dai ba su sake taka rumfata ba. In mun haɗu a kasuwa sai ya kau da kai.

Shekaru suka tafi, takalmin roba ya cika kasuwa, ana zuba shi a tabarma kamar tumatir. Ban ƙi shi ba, talaka ya samu abin takawa. Amma ni nake ganin abin da yake bari a baya, don ƙafar da ta sha wuya wurina take ƙarewa. Mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya zo kanta ta fito masa a kan kowane yatsa saboda sau-cikin da ya matse shi, yana jurewa don kada a ce bai waye ba. Masunta su zo da tsakanin yatsu ya ruɓe saboda roba ba ta shan iska. Mata su zo da faso a dunduniya har jini, suna tafiya a kan yatsu. Kowa sai ya ce ƙafarsa ce ba ta da kyau. Ban taɓa jin wanda ya ce takalmin ne ba daidai ba.

Wata ranar kasuwa, lokacin furfura ta riga ta cika mini kai, wata mata ta tsuguna a bakin rumfa ta gaishe ni. Ta kwance bakin zane ta fito da guntun kara.

"Baba, takalmi nike so a yi ma tsohona. Mai taushi, wanda ba ya cizo."

"Shi mai ƙahwar yana ina?"

"Shina gida, ba ya iya tahiya mai nisa."

"To a ɗoro shi bisa amalanke mana."

Ta yi ta murza karan a hannu. Can ta ce, "Ko shina iyawa, nan dai ba ya zuwa. Ni Tasalla ce, ɗiyar Nomau."

Na ajiye basilla na saurare ta. Ciwon sukari ya kama Nomau, ya kashe masa jin ƙafa, ko ƙaya ya taka ba ya sani. Yayan Tasalla da ke ci-rani a Najeriya ya kawo masa tsarabar sau-ciki mai sheƙi. Da nimero ya saya, ya ɗauki nasa ya ƙara ɗaya, don ya san tsoho ya fi shi ƙafa. Ya manta cewa ƙafar da ta yi rayuwarta a gona faɗi take yi. Nomau don jin daɗin ɗansa ya tura ƙafa ciki, ya je da shi suna, ya je kasuwa, har gona. Takalmin yana cinsa bai sani ba, sai da wari ya tashi. A Maradi aka yanke masa ƙaramin yatsa da na kusa da shi a ƙafar dama, ciwon ya warke da ƙyar. Majo, babban ma'aikacin gidan likitan nan namu, shi ke duba shi, ya kuma gaya musu ƙarara cewa in gyambon ya sake buɗewa ƙafar za a cire daga ƙasan gwiwa. Ba tafiya ba takalmi, ba takalmi mai matsi, su nemi wanda zai ɗinka masa daidai ƙafarsa. Ga damina ta ƙarato, Nomau kuwa ya rantse sai ya shiga gonarsa ko da rarrafe.

Na ce mata da kara ba zan yi ba. Kara bai san an cire yatsu ba, bai san inda tabo yake ba. In na ɗinka da shi, ni ne zan ƙarasa abin da sau-cikin ya fara.

"To shi ke nan, Baba," in ji ta. "Ƙahwar ta tahi." Ta fara ɗaure karanta a bakin zane, hawaye na zuba.

Zuciyata ta ce mini ina ruwanka, mutumin da ya kore ka daga garinku. Amma baduku in ya ji labarin ƙafa irin wannan, hannunsa ke fara ƙaiƙayi. Na ce ta jira ni. Na je wurin majo na tambaye shi abin da ƙafar take so, ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla, abubuwan da ban sani ba. Kada a sa hanci tsakanin yatsu. Kada ɗinki ko ƙusa ya taɓa fata daga ciki. Gaba a rufe saboda ƙaya da tuntuɓe. In zai taka yashi a sa masa leda mai tsabta saboda tabon. Washegari na ɗora kayan aikina a amalanken jaki na bi Tasalla.

Mun tarar da shi a gindin bishiyar bedi a tsakar gida, ya rame, ƙafar a miƙe a kan buzu. Idonsa dai na nan da kaifinsa. Na yi sallama na tsuguna, bai amsa gaisuwar ba.

"Wa ya kira ka?"

"Ƙahwarka ta kira ni, Baba Nomau."

"Ɗaurin da ka yi mata shekarun baya bai ishe ka ba, ka biyo saura?"

Na ce masa ko ƙwayar yashi ba zan fita da ita daga gidansa ba. Da ƙasar tsakar gidansa za a yi awo, a gabansa zan yanka in ɗinka, kwali da kaba kuma in na gama a ƙone su yana gani. Ya girgiza kai. Matarsa ta sa baki, Tasalla ta roƙe shi, maƙwabta suka taru a bakin darni suna leƙe, shi dai ya kafe. Ya ce gara wuƙar likita, ita a fili take yankanta.

Ina tsugune ina tunanin ta inda zan ɓullo masa, sai idona ya faɗa ƙarƙashin rumbu. Ga farantin Kalla, an shanya kuɓewa a ciki. Gefe ɗaya ya ɗan tsage, amma shi ne, har da alamar ƙunar da Kalla ya yi masa da bakin wuƙa mai zafi. Sai na ji kamar na ga maigidana da kansa. Na roƙi Tasalla ta juye kuɓewar ta kawo mini shi. Na ɗebi ƙasar tsakar gidan na tankaɗe da rariyarsu, na yayyafa ruwa, na baje. Sannan na cire takalmina na shiga na tsaya. Da na fito na kwashe sawuna duka biyu a tsumma, na ƙulle tamau, na ɗora masa a cinya.

"Ga nawa, ka riƙe. In ƙahwarka ta lalace ta dalilina, kun hi ni sanin inda ake kai shi."

Nomau ya ɗauki ƙullin yana jinjina shi a hannu, yana kallona.

"Kai ba ka tsoro?"

"Ina tsoro. Tsoron da nike ji, in ga an sauke ka daga motar Maradi da ƙahwa guda."

Sannan ya tura ƙullin cikin aljihun taguwarsa, ya miƙa hannu sama. "Tasalla, kama ni." Allah ya sa la'asar ta riga ta yi.

Sawun da ya bari ban taɓa ganin irinsa ba. Tun da aka cire yatsun, nauyinsa duka ya gudu ya koma gindin babban yatsa, wurin ya lotsa ya yi rami. Na nuna masa da tsinke, na ce nan ne za ta sake hujewa in ba a ɗauke mata nauyi ba. Ya sunkuya yana dubawa. Mutum ya tsufa yana taka ƙasa, sai ranar ya ga yadda yake takawa. Da na gama ɗaukar awo na ja baya, Tasalla na riƙe da shi, ya sa ƙafar hagu ya share abinsa.

Kwanaki na yi a gidan, ina kwana a zaure, suna kawo mini fura da tuwo, ina sallata a gefe ba mai ce mini don me. Ƙasan takalmin na yi shi da taya mai kauri saboda ƙaya, na ɗora ƙirgi, sannan na shimfiɗa fatar jar akuya hawa-hawa, wadda na murza da mai har ta yi laushi kamar ƙyalle. Daidai ramin nan na rarake ƙirgin na cike da soso, yadda wurin zai sauka a kan taushi, gefe da gefe su ɗauki nauyin. Gurbin yatsun da babu na cusa auduga na lulluɓe da fata don kada ƙafar ta riƙa zamewa. Ɗinki duka ta waje na fitar da shi. Ƙusa ko ɗaya ban sa ba. Maɗaurin na yi shi mai sassautawa, don a ƙara masa fili in ƙafa ta kumbura da yamma. Wahalar ita ce gwaji. Kowane mai saye za ka tambaye shi ina yake maka ciwo, shi kuwa Nomau ko wuta ka sa masa zai ce lafiya lau. Sai na riƙa shafa masa alli a ƙafa, ya sa takalmin ya zagaya gida, in cire in duba inda allin ya goge a ciki, in taɓa ƙafar da bayan hannu in ji inda ta yi zafi. In kwance in gyara, a sake. Yana zaune yana kallon hannuna, wani lokaci ya ce, "Kalla ya hi ka sauri." In ce masa Kalla bai taɓa samun mai ƙafa mai gardama irin tasa ba.

Kafin in tafi na tara Tasalla da mahaifiyarta na maimaita musu abin da majo ya ce. Kowace yamma a wanke ƙafar da ruwa mai ɗumi, mai lafiya ya fara taɓa ruwan da hannunsa. A tsane tsakanin yatsu. A duba tafin da ido, ko ɗan ja aka gani a tafi gidan likita, kada a jira. A shafa mai a dunduniya, ban da tsakanin yatsu. Kada wanzami ya kusanci kantar ƙafar da aska, kada ya miƙa ƙafa bakin wuta in ana sanyi. Kuma kullum kafin ya sa takalmi a zazzage shi, a tura hannu ciki a shafa, don tsakuwa guda ta isa ta kai shi Maradi.

"Wato na koma jinjiri," in ji Nomau.

"Jinjirin da za ya yi noma bana," in ji matarsa.

Aka ƙone kwali da kaba a gabansa. Ban tambayi faranti ba, ban tambayi ƙullina ba, shi ma bai tayar da maganar ba. Daminar nan ya yi shuka, ya yi noma da takalminsa. Ya ƙara wasu daminun bayanta. Duk ƙarshen rani sai in hau amalanke in je in sake awo, don irin wannan ƙafa sauyawa take yi. A farantin Kalla muke yi, ya taka, in duba, ya share. Bai taɓa ce mini yi haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Har ƙarshe yaron Kalla yake kirana, da furfurata da komai.

Bara waccan bayan kaka, ina zaune a nan inda kuke ganina, sai ga Tasalla da faranti a ka. Ta sauke ta tsuguna.

"Baba ya rasu. Da ƙahwahunshi biyu anka ruhe shi."

Na yi mata gaisuwa. Ta turo farantin gabana. A tsakiyarsa ga ƙullin tsumman nan, hayaƙi ya mai da shi baƙi. Ta ce a rufin ɗakinsa ya rataye shi, saitin inda yake kwana, ko jikokinsa ba ya bari su taɓa.

"Ya ce a gaya maka bai taɓa kwance shi ba, kuma bai bari kowa ya gani ba. Ya ce abinka ne, kai za ka share da kanka."

Na kwance ƙullin da basilla don ya ƙi hannu. Ƙasar ta bushe ta dunƙule. Na zuba ta a farantin, na cire takalmi na sa ƙafa na baje ta. Hawaye suka zo mini a gaban mutanen kasuwa, ban kuwa hana su ba.

Farantin ke nan a gefen ƙafata, ƙasar kuma tana cikin yashin da kuke yi wa dariya, ban zubar ba. Ku gaya wa abokinku mai moto takalminsa zai samu. Ya zo bayan la'asar, ya kashe inji, ya cire abin da ke ƙafarsa ya taka. In na gama dubawa, shi zai share.